Yadda Ake Kwaso Rukunonin Adireshi Daga Wani Kundin Intanet Zuwa Naka

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga laburare neman littafin lissafi ya san ba sai ya bi kanta-kanta yana ɗaga littattafai ba. Akwai lamba a gadon bayan kowane littafi, akwai kuma takarda manne a jikin kowace kanta da ke faɗin abin da ke cikinta. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, mai kula da laburaren ba shi ya ƙirƙiro waɗannan lambobi ba. A makarantu da dama ana amfani ne da tsarin da wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a shekarar 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma. Wato an aro rukunonin daga waje, an zuba littattafan gida a ciki.

Irin wannan aro ana yin sa a intanet. Mutum zai buɗe kundin adireshin shafuka, maimakon ya zauna ya tsara rukunoninsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya kwaso su daga wani kundin da ya riga shi. Wannan rubutu zai bayyana yadda ake yin aikin, da wuraren da ake tuntuɓe, da kuma dalilin da ya sa ya kamata mu damu da shi, tunda mu ma kullum muna neman shafukan da za su taimaka mana wajen shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Mene ne kundin adireshi?

Kundin adireshi shafi ne da ke tattara adireshin wasu shafuka ya jera su rukuni-rukuni. Kowane adireshi yana zuwa da sunan shafin da ɗan bayani na layi ɗaya ko biyu, kuma idan ka danna shi zai kai ka can. Bambancinsa da shafin matambayi-ba-ya-ɓata irin Google shi ne, a Google manhaja ce ke yawo tana tattaro shafuka, kai kuma ka rubuta kalmar da kake nema. A kundi kuwa mutum ne ya buɗe shafin da kansa, ya karanta, ya yanke shawarar inda ya dace a ajiye shi. Mai nema ba ya rubuta komai, gangarowa yake yi daga babban rukuni zuwa ƙarami: daga Kimiyya ya shiga Ilimin Halittu, daga nan ya shiga Tsirrai, har ya iso abin da yake so.

Siffar rukunonin kamar itace take. Akwai gindi, akwai manyan rassa, kowane reshe yana da ƙananan rassa. Masu aikin suna kiran rukunin da ke sama uwa, wanda ke ƙarƙashinsa kuma ɗa. Ku riƙe wannan, domin duk aikin kwasowa a kansa ya rataya.

Daga Yahoo zuwa DMOZ

A shekarar 1994 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Jerry Yang da David Filo, suka fara jera shafukan da suke so cikin rukunoni. Wannan jeri shi ne ya zama Yahoo. Kamfanin ya ɗauki ma'aikata suna duba shafuka suna shigarwa, amma intanet ta fi su saurin girma, har masu shafuka suka riƙa kukan jinkiri.

A watan Yuni na 1998 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Sun Microsystems, Rich Skrenta da Bob Truel, suka buɗe wani kundi da ya dogara da 'yan sa-kai daga ko'ina a duniya. Da farko sun sa masa suna Gnuhoo, daga baya NewHoo. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin Netscape ya saye shi, aka sauya masa suna zuwa Open Directory Project, amma mutane suka fi saninsa da DMOZ. Ba da jimawa ba kamfanin AOL ya sayi Netscape, kundin ya koma hannunsa. Wani abin lura shi ne, su ma waɗanda suka kafa shi ba daga iska suka samo rukunoninsu na farko ba. Sun ɗora su ne a kan tsarin zaurukan tattaunawa na Usenet da suka daɗe da wanzuwa.

Abin da ya bambanta DMOZ shi ne ya ba kowa izinin kwasar bayanansa kyauta. A lokacin da yake aiki, kusan kowane mako yakan fitar da kundin gaba ɗaya cikin manyan fayiloli, wanda yake so ya sauke. Ta haka Google ya buɗe nasa kundin a shekarar 2000, da rukunoni da adireshin DMOZ, sai dai ya jera su bisa nasa ma'aunin muhimmanci. AOL da Netscape da Lycos duk sun yi amfani da bayanan, haka ma ɗimbin ƙananan shafuka.

Me ya sa ake kwasowa?

Lissafi kaɗan zai ba da amsa. A shekarar 2013 DMOZ yana da rukunoni sama da miliyan ɗaya, ɗauke da shafuka sama da miliyan 5. A ce mutum yana iya rubuta rukuni ɗaya a kowane minti, yana aikin awa 8 kullum ba hutun Asabar ba na Lahadi. A rana zai rubuta 480. Kafin ya kai miliyan ɗaya sai ya shafe kwana 2,083 da 'yan kai, wato fiye da shekara biyar da rabi. Wanda ya fara yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai kusa gama makaranta bai gama ba, kuma ko adireshi ɗaya bai shigar ba tukuna. Kwamfuta kuwa a rana guda za ta kwashe su.

Ban da sauri, akwai amfanin tunanin da wasu suka riga suka yi. Yanke shawarar ko shafin da ke magana a kan zazzabin cizon sauro ya shiga Lafiya ko Kimiyya ba ƙaramin aiki ba ne. Editoci sun shafe shekaru suna gardama a kan irin waɗannan tambayoyi, wanda ya kwaso tsarinsu ya ci gajiyar gardamar ba tare da ya yi ta ba.

Abin da ke cikin fayilolin

A lokacin da yake aiki, DMOZ yakan raba bayanansa gida biyu. Fayil na farko, mai suna structure.rdf.u8.gz, shi ke ɗauke da rukunoni da alaƙar da ke tsakaninsu. Na biyu, content.rdf.u8.gz, shi ke ɗauke da adireshi da sunayen shafuka da bayaninsu. Haruffan gz da ke ƙarshe suna nuna an matse fayil ɗin don ya rage girma, sai an warware shi kafin a karanta. Su kuma u8 suna nuna tsarin rubuta haruffa ne da ake kira UTF-8, wanda za mu dawo kansa.

A cikin fayil na farko kowane rukuni yana da abubuwa kamar haka: cikakkiyar hanyarsa tun daga gindi, misali Top/Regional/Africa/Nigeria, lamba tasa ta kansa da ba ya tarayya da kowa a kanta, sunansa, jerin 'ya'yansa, sai kuma jerin wasu rukunoni da ke da alaƙa da shi ko takwarorinsa a wasu harsuna. A fayil na biyu kowane adireshi yana ɗauke da hanyar rukunin da yake ciki. Wannan hanya ita ce igiyar da ta ɗaure fayilolin biyu.

Ba kowane kundi ke amfani da wannan siffa ba. Wani zai ba ka jadawali irin na Excel, kowane layi rukuni ɗaya. Amma ko wace siffa ce, abubuwa uku kake nema: sunan rukuni, lambarsa, da uwarsa.

Matakan aikin

Mataki na farko shi ne duba izini. Kasancewar abu a intanet ba ya nufin na kowa ne. DMOZ ya yarda a kwashi bayanansa bisa sharaɗin a rubuta a shafin cewa daga gare shi aka samo, tare da adireshin da ke komawa wurinsa. Kundin da bai ba da irin wannan izini ba, kwasar kayansa daidai yake da kwafe aikin gidan ɗan ajinku ka sa sunanka.

Na biyu, zaɓi reshen da kake buƙata. Kundin makaranta ba ya buƙatar rukunoni miliyan. Rassan Kimiyya da Lafiya da na yara da matasa da na Nijeriya za su iya wadatarwa. A nan dole a buɗe ido, domin DMOZ ya kasance yana da wani reshe na abubuwan manya da ba ya fitowa a shafinsa na farko, amma yana cikin kundin. Wanda ya kwashi komai a makance zai iya jawo abin kunya zuwa shafin makaranta.

Na uku, shirya wurin ajiya. A rumbun bayananka za ka yi jadawali mai gurbi huɗu aƙalla: lambar rukuni a wurinka, sunansa, lambar uwarsa, da lambarsa ta asali a kundin da ka kwaso. Mutane da yawa suna mantawa da gurbi na huɗu, sai ranar sabuntawa su gane kurensu.

Na huɗu, karanta fayil ɗin kaɗan-kaɗan. Fayilolin DMOZ manya ne ƙwarai, idan manhaja ta yi ƙoƙarin haɗiye su gaba ɗaya kwamfutar za ta iya sandarewa. Shi ya sa ake rubuta manhajar ta karanta rukuni ɗaya, ta ajiye, ta wuce na gaba.

Na biyar, shigar da uwa kafin ɗa. Ba za ka iya cewa Tsirrai yana ƙarƙashin Ilimin Halittu ba alhali ba ka shigar da Ilimin Halittu ba. Hanya mai sauƙi ita ce jera rukunonin bisa zurfinsu, a fara da na kusa da gindi. Wata hanyar ita ce a bi fayil ɗin sau biyu: a zagaye na farko a shigar da sunaye duka, a na biyu a haɗa kowane ɗa da uwarsa. Rukunin da aka shigar ba tare da uwa ba yana nan a rumbu amma babu hanyar da mai nema zai bi ya iso shi.

Na shida, sai a zuba adireshi, kowanne cikin rukuninsa. Bayan haka a cire rukunonin da suka zama wayam, domin ba abin da ke ƙona rai kamar ka danna sau biyar ka tarar da ɗaki babu komai.

Duk wannan ba a kan ainihin kundin ake fara yi ba. A kwafe shi, a gwada a kan kwafin da ɗan ƙaramin reshe, a ƙirga: rukuni nawa ne a fayil, nawa suka shiga? Idan lambobin ba su zo daidai ba, akwai abin da ya faɗi a hanya.

Inda ake tuntuɓe

Tuntuɓe na farko suna iri ɗaya ne. A babban kundi za ka samu rukunoni da yawa masu suna Tarihi: akwai na ƙarƙashin Nijeriya, akwai na ƙarƙashin Lissafi, akwai na ƙarƙashin Wasanni. Idan manhajarka da suna take gane rukuni, za ta haɗe su wuri guda, ka tarar da tarihin Daular Borno kusa da tarihin gasar cin kofin duniya. Kamar aji ne mai Aisha biyar: malami ba ya dogara da suna kaɗai, yana haɗawa da lambar rajista. Haka nan a nan, da lamba ko cikakkiyar hanya ake tantancewa.

Na biyu shi ne rukunonin nuni. A DMOZ, lokacin da yake aiki, akwai wasu rukunoni da alamar @ a ƙarshen sunansu. Waɗannan ba ainihin mazauninsu ke nan ba, alama ce kawai da ke nuna maka hanyar zuwa inda suke a wani reshe. Idan manhaja ta ɗauke su a matsayin 'ya'ya na gaske, za ta kwafi reshe ɗaya sau biyu ko fiye. Abin da ya fi muni, idan wannan reshe yana nuna wancan, wancan kuma yana nuna wannan, manhajar za ta yi ta kewayawa ba tsayawa har rumbun ya cika. Maganinsa shi ne a ajiye su a jadawali daban, a kuma sa manhajar ta riƙa tuna rukunonin da ta riga ta ziyarta.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin UTF-8 harafin k yana cin gurbi ɗaya, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne yana cin biyu. Idan aka rubuta fayil da UTF-8 aka karanta shi da wani tsohon tsari na Windows, kalmar ƙasa za ta fito kamar haka: Æ™asa. Wasu kan gaji su cire lanƙwasar gaba ɗaya, to amma ƙasa daban, kasa daban, kamar yadda ɓata da bata ba ɗaya ba ne. Dole fayil da rumbu da shafin da za a nuna su kasance duk a kan tsari ɗaya.

Na huɗu matattun adireshi. Shafuka suna mutuwa kullum. DMOZ kansa, lokacin da yake aiki, yana da wata manhaja mai suna Robozilla da ke bin adireshin tana yi wa waɗanda suka daina aiki alama don editoci su duba. Wanda ya kwaso shi ma sai ya yi irin wannan bincike. Adireshin da ya dawo da lamba 404 yana nufin ba a sami shafin ba, wanda ya dawo da 301 kuma ya yi ƙaura zuwa sabon wuri. Amma akwai haɗarin da manhaja ba ta gani. Sunan shafi haya ake biya masa, idan mai shi ya daina biya wani zai iya saye. Adireshin zai ci gaba da buɗewa lafiya lau, bayanin da ke kundinka yana cewa darussan lissafi ne, alhali yanzu caca ake yi a wurin, ko kuma 'yan damfara ne ke karɓar kuɗin ɗalibai da sunan sayar da amsar jarrabawa. Wannan sai idon mutum. A kundin makaranta, bai kamata adireshi ya fito ba sai wani ya buɗe shi ya gani.

Kayan aro ba ya rufe katara

Ko an kauce wa duk waɗannan, akwai matsalar da ba ta kwamfuta ba ce. Duk wanda ya tsara rukunoni, da idon garinsu ya tsara. A tsarin Dewey, lambobi 200 zuwa 299 na addini ne, amma daga 220 zuwa 289 kusan duk na Littafi Mai Tsarki da Kiristanci ne, Musulunci kuma aka ba shi lamba 297. Mutumin ya tsara ne bisa littattafan da ke gabansa a Amurka ta wancan zamani.

A DMOZ ma haka abin ya kasance lokacin da yake aiki. A reshen wasanni, abin da muke kira ƙwallon ƙafa yana ƙarƙashin sunan Soccer, shi kuma rukunin Football ya ƙunshi irin wasan Amurkawa da ake rungumar ƙwallo a gudu da makamantansa. Wanda ya fassara sunayen a gaggauce zai sa wa Football suna Ƙwallon Ƙafa, mai neman labarin Super Eagles ya shiga ya rasa gane inda ya faɗa. Haka kuma gindin kundin na Turanci ne, sauran harsunan duniya an tara su ƙarƙashin reshe guda.

Saboda haka bayan kwasowa akwai aikin daidaitawa. A yi jadawali mai gefe biyu, hagu rukunin da aka aro, dama inda zai zauna a namu tsarin. Wasu za su shiga kai tsaye. Wasu sai an haɗe uku su zama ɗaya, tunda ba ma buƙatar rassa masu yawa a kan wasan zamiyar ƙanƙara. Wasu kuma sai mun ƙirƙira da kanmu, kamar Adabin Hausa, da Rubutun Ajami, da Noman Rani, da Shirin Jarrabawa.

Bayan an gama

Kundi ba gini ba ne da za a gama a kulle. Duniya tana canzawa, rukunoni suna bin ta. A watan Yuli na 2011 Sudan ta Kudu ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, ke nan duk kundin da ke jera ƙasashen Afirka dole ya buɗe sabon rukuni ya kwashe wasu adireshi daga ƙarƙashin Sudan. A nan ne gurbin nan na huɗu yake amfani. Idan ka ajiye lambar asali, ranar da ka sauke sabon fayil manhajar za ta gane wannan rukuni shi ne na da, suna kawai ya sauya ko wuri. Idan ba ka ajiye ba, za ta ɗauka sabo ne, ka wayi gari da komai bibbiyu. Sannan a yi wa rukunonin da kuka ƙirƙira da kanku alama, don kada sabuntawa ta share su.

Akwai kuma ranar da rijiyar da kake ɗiba za ta ƙafe. Google ya rufe kundinsa a 2011. Yahoo ya rufe nasa a ƙarshen 2014. AOL ya rufe DMOZ a watan Maris na 2017, ko da yake wasu daga cikin editocinsa sun ci gaba da aikin da sunan Curlie. Shafukan da ba su da komai sai abin da suka kwafo sun tsaya cak daga ranar, adireshinsu na ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya aro tsari amma yana da mutanen da ke dubawa suna ƙarawa, shi rufewar ba ta hana shi ci gaba ba.

Ga abin gwadawa, ko da babu kwamfuta. Ku ɗauki takarda ku ja layi uku: lamba, suna, lambar uwa. Ku ari rukunoni goma na Dewey daga laburare, ku ba kowanne lamba, sannan ku yi ƙoƙarin shigar da darussan da muke yi a aji a ƙarƙashinsu, daga Hausa har Aikin Gona. Ku lura da darasin da ya ƙi zama wuri guda da wanda ya rasa gida gaba ɗaya. Wanda ya gama ya miƙa takardarsa ga kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa waɗanda suka fi tsari a wannan allo. Malamanmu kuma muna roƙon kowa ya rubuto mana adireshin shafuka biyu ko uku da ya buɗe da kansa ya kuma amince da su a darasinsa, mu fara zubawa a ciki.